Koren Keke da Jan Tsumma

Gidan Runji, 3 ga Agusta

Zuwa ga autana Muhsin,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, ka kuma gama jarrabawa lafiya. Mu nan ƙalau, sai ƙafata ta hagu da ke tashi in hadari ya haɗu. Yayarka Latifa ta zo daga Maradi da yara, sun kwana biyu sun koma. An yi ruwa mai kyau, gero ya kai ƙugu.

Na ji abin da ka faɗa mini a salula shekaranjiya, kuma da gangan ban ba ka amsa ba. Maganar salula iska ke kwashe ta. Wadda aka rubuta kuwa ana iya ɗauko ta a nuna wa mutum ranar da ya ce bai ji ba. Shekara ashirin da shida na yi ina buga takardu a buro, wato ofis, na san abin da nake faɗa.

Ka ce in kun taso daga Damagaram, kai da abokanka na jami'a, Chindo da Abdurrahaman, za ku sauka mota a Gazawa, ku hau kekuna ku ratso gandun daji da ƙauyuka, ku biyo Agiye, Sae Sabuwa, Gidan Sori, har gida. Na tambaye ka me za ku sayar, ka ce ba komai. Wa za ku gaida, ka ce ba kowa. Wai ganin ƙasa. Mahaifinka, Allah ya jiƙansa, ya yi shekara goma sha tara yana ratsa wannan dajin a kan koren keken nan da ke hannunka. Shi aikin gandun daji ne ya kai shi, kuma kullum da ƙaya a ƙafa yake dawowa. Ban taɓa jin ya kira abin shaƙatawa ba.

Ban hana ka ba, ka wuce shekarun da zan ɗaure ka. Amma ka ji. Salla a kan lokaci, ko kana tsakiyar ciyawa. Ka ɗauki gidan sauro, kada ka kwaso mini zazzaɓi. Duk garin da kuka isa ku sauka daga keke ku ja shi da hannu, ku nemi maigari ku gaishe shi kafin ku sauke ko jaka. Ba a wuce dattijo a kan keke ana kaɗa masa ƙararrawa. Kada in ji kun ɗaga salula kuna ɗaukar matan mutane a bakin rijiya. Abin da ba naka ba kada ka taɓa, ko da karan dawa ne da ya faɗi a hanya. Ɗan lakol da bai san wannan ba, karatunsa nauyi ne kawai a kansa.

Saura abu ɗaya, kuma shi ya sa na ɗauki alƙalami. Hanyar da ta fito daga dajin ta yamma tana bi ta bakin Garin Jika. Ka san garinmu ne, can aka yanke cibiyata, kuma ka san yayana Hayatu yana can. Ba za ka shiga ba. Ka bi ta bayan gonaki ka wuce. Ba ka san shi ba, bai san ka ba, hakan ya fi. Kada ka tambaye ni dalili, abin ya faru tun ina da cikinka.

Allah ya tsare hanya.

Mahaifiyarka,
A'ishatu


Garin Jika, 14 ga Agusta

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau. Ya ƙafa? Allah ya ƙara sauƙi. Ni lafiyata ƙalau, babu abin da ya same ni. Na fara da wannan don na san kin riga kin ga sunan garin da ke saman takarda. Don Allah ki karanta har ƙarshe.

Takardarki ta same ni kwana biyu kafin mu taso. Na karanta wa su Chindo sharuɗɗan, Chindo ya ce ko jandarma ba su kai ki tsari ba.

Mun bar Gazawa ranar goma da hantsi. Inna, ashe damina ce lokacin keke a ƙasar nan. Ruwa ya danne rairayi, hanyar amalanke ta yi tauri kamar daɓe. Tsidau ne kawai ya dame mu. Ranar farko sau biyar muka yi faci, huɗu na Abdurrahaman ne mai sabon keke, na Baba sau ɗaya. Duk garin da muka shiga mun sauka mun ja da hannu har ƙofar maigari. A wani ƙauye wani tsoho ya tsaya yana kallon keken, ya ce, "Wannan ba keken Gandu ba ne? Ina mai shi?" Da na faɗa masa ya rasu sai ya yi addu'a, sannan ya ce, "Mutumin kirki ne, amma in ka ji ƙararrawar nan sai ka ɓoye gatari." Ya sa aka dama mana fura.

Cikin gandun kuwa yini guda muka yi ba mu ga gini ba. Sabara da kalgo da geza, ciyawa har gwiwa, zabin daji suna tsallake hanya a jere. Mun yi azahar a gindin wata ƙirya. Wasu Fulani masu kiwo suka ba mu nono, suka yi ta dariyar hulunan kwanon da ke kanmu, ɗayansu ya tambaya ko da su muke auna hatsi.

Ranar sha biyu bayan la'asar muka fito ta yamma. Na hango rumbunan Garin Jika, na ce da su mu kauce, muka bi ta bayan gonaki kamar yadda kika ce. Nan hadari ya rufe mu, ruwa da iska, babu wurin fakewa. Na ɗauki addar Chindo na saro 'yan sanduna a gefen wata gona, muka kafa babbar ledarmu muka shige. Salulata ta sha ruwa ta mutu, kuma garin nan ko rezon kiran waya babu.

Ruwa na ɗaukewa sai ga mutum biyu. Suka yi sallama, suka dubi sandunan, suka tambayi wa ya sara. Na ce ni. Suka ce mu biyo su. Ashe garin yana da komiti mai kula da itatuwa. Aka kai mu gindin wata bedi, aka kira shugaba. Dogon dattijo ne, mai irin goshinki. Bai dube ni ba, keken ya zagaya. Ya kaɗa ƙararrawa sau ɗaya, sannan ya ce, "Kai ɗan Indo ne?" Ban san haka suke kiranki ba. Na ce ni ɗan A'ishatu ne. Ya ce, "Ita ce. A kai shi gida ya canza riga. Keke da adda su tsaya nan."

Su Chindo sun kwana biyu, yau suka wuce Agiye da takardar nan, za su ba Safiyanu direba. Ni ba zan bar keken Baba ba. Kawu ya ce ba zai fita daga hannun komiti ba sai kin zo da kanki. Na roƙe shi, ya ce ba shi ya yi dokar ba. A zaurensa nake kwana, tare muke cin abinci, bai faɗa mini magana marar daɗi ba ko sau ɗaya. Ya tambaye ni ko har yanzu ba kya cin kuɓewa.

Ki yi haƙuri, Inna.

Ɗanki,
Muhsin


Gidan Runji, 22 ga Agusta

Zuwa ga Shugaban komitin kula da itatuwa na Garin Jika,

Assalamu alaikum. Ina fatan jama'ar gari suna lafiya, damina kuma tana kyau.

Takardar ɗana ta yi kwana bakwai a motar direba kafin ya tuna da ita. Shi ya sa ka ji shiru, ba don na yarda da abin da ka yi ba.

An shaida mini kun riƙe keken ɗana saboda ya sari 'yan sanduna ya fake wa ruwa, kuma ka ce sai na zo da kaina. Bari mu kira abu da sunansa. Shekara ashirin da uku ke nan ka sare gawo a gonar Baba ba tare da takardar izini ba. Mijina yana bakin aikinsa, ya karɓe gatarinka. Ka same ni a ƙofar gida ka ce in yi masa magana, na ce maka doka ba ta san suruki ba. Ka ce daga ranar ba ka da ƙanwar da ta yi lakol. Na riƙe maganarka, ka riƙe tawa. Ko a zaman makokin Inna da na Baba ba mu haɗa ido ba, kuma ban yi ƙorafi ba.

Yanzu Allah ya kawo maka ɗansa a kan kekensa, ka ga ranar ramuwa ta yi. Wanda kake jin haushi yana kabari shekara bakwai. Yaron nan yana ciki aka yi abin. Dattijo mai shugabancin jama'a bai kamata ya huce tsohon fushi a kan maraya ba, ya kuma sa wa fushin rigar doka. Abin da kake so shi ne a ga Indo ta zo gindin bedi tana roƙo a gaban mutanen gari. Ba za a gani ba.

Na ba ka kwana bakwai daga ranar da takardar nan ta same ka. In ba a saki keken ba zan shigar da ƙara wurin jandarma a Agiye. Na san yadda ake rubuta ta.

A'ishatu, matar marigayi Muhammad Awwal

Muhsin, wannan ƙasan naka ne. Na gode Allah da kake lafiya. Na ce kada ka taɓa abin da ba naka ba, ka taɓa, za mu yi wannan maganar a gida. Kada tuwo da tambayar kuɓewa su ruɗe ka. Ka miƙa masa takardar, ka nemi mota ka taho. Keke zai biyo baya.


Gidan Runji, 2 ga Satumba

Muhsin,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya. Ƙafata da sauƙi.

Yau kwana goma sha ɗaya. Ba kai, ba takarda. Su Chindo sun iso nan tun tuni, baƙi ƙirin da rana, suka ba ni labarin kasuwar Sae Sabuwa da yadda jaki ya bi su a Gidan Sori. Da na tambaye su sandunan da ka sara, sai Abdurrahaman ya dubi Chindo, Chindo ya dubi ƙasa. Wannan kallon bai yi mini ba.

Na rubuta ƙarar, tana cikin jakata. Sau biyu na yafa mayafi zan tafi tasha, ina dawowa daga ƙofar gida. Latifa ta ce in bari a ji daga bakinka.

In ba ka da lafiya ka sa a faɗa mini. In kuma ka zaɓi zama wurinsa ne, wannan ma ka faɗa mini, ka rubuta da hannunka. Ban haifi ɗan da zai bar uwarsa tana leƙen hanya ba.

Mahaifiyarka


Garin Jika, 30 ga Agusta

Indo,

Salamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida ɗiyanki da jikoki. Mu nan lahiya lau, gero ya yi kai. An ce mani ƙafa na damunki. Irin ta Inna ce, ki riƙa gasa ta da ruwan ɗumi.

Ni ke faɗa, ɗanki ke rubutawa, kin san ban yi lakol ba. Na ce mashi ya rubuta duk abin da na faɗa, har wanda ba ya so, kuma in ya gama liman zai sa malamin lakol ya karanta mani in ji ko ya rage.

Takardarki ta zo. Tunda shugaban komiti kika rubuta mawa, ba yayanki ba, sai na tara komiti, ɗanki ya karanta a gabansu. Da ya zo kan maganar jandarma muryarshi ta shige ciki, sai da na ce ya ɗaga.

Ki ji abin da aka sara. Tun kina nan kin san in mun yi sassabe ƙasa muke kai komai mu ƙone. Yanzu ba haka muke ba. Kowane kututture in ya yi toho sai mu zaɓi guda biyu ko uku masu ƙarfi mu bari, mu yi masu aski kowace shekara su miƙe, mu ɗaura masu jan tsumma don kowa ya san da mai su. Ɗanki ya zo cikin ruwa ya ga itace tsaye sambal ba reshe ba ƙaya, ya ce ya yi sa'a. Kalgo biyu da aduwa ɗaya. Shekara biyar ina masu aski. Aduwar ta kai kaurin damtsena. Tsumman kuma ya kwance su ya ɗaure ledarshi da su.

(Inna, gaskiya ne. Na ce 'yan sanduna don kunya. Wallahi na ɗauka iska ce ta maƙala tsumman.)

Ya rubuta nashi, na ƙyale shi. Dokar garin nan ita ce, wanda ya sari icce mai tsumma ana riƙe abin da ya zo da shi, sai mai gona ya zo gaban komiti da bakinshi ya ce ya yafe, ko ya faɗi aikin da za a yi mashi. Ba a aiko, ba a wakilta. Bara ɗana na cikina aka riƙe ma amalanke har wata guda. Ki tambayi kowa.

To gonar ba tawa ba ce, Indo. Taki ce. Da Baba ya rasu aka zo rabon gado kika aiko kika ce ba kya so. Liman ya ce ba a ƙin gado ta bakin ɗan aike, aka auna maki naki, gefen gabas, inda kututturen gawon nan yake. Ni ke noma ta. Hatsin da ya fito ina kai ma duk wanda ya rasa cikin dangi, in ce in ji Indo. Gwaggo Kadi kowace kaka sai ta sa maki albarka. Ban gaya maki ba don kin ce ba ki so, ni kuma na ce ba ni da ƙanwa, to wa zan gaya mawa?

Maganar gawo. Kin san ɗakin Inna ne ya rufta, ginshiƙi nake nema, wannan ba ki rubuta ba. Awwalu ya yi gaskiya a kan iccen. Na gane haka shekarar da iska ta binne mana shuka sau uku don hili ya zama tsirara. Abin da ya ƙona ni, a gaban surukaina ya karɓe gatarin, kuma gatarin Baba ne, shi ya ba ni ranar da na fara noma gonata. Sannan na zo wurinki kika yi mani magana kamar a buro.

Kin ce ramuwa. Da ramuwa nake so da na bar yaron ya kwana gindin bedi. Ni ma ina da tambaya. Wa ya ce mashi ya bi ta bayan gari kamar ɓarawon akuya? Da ya shigo ta ƙofa da sallama, da a zaurena ruwan nan ya same shi, da itacenki na tsaye.

In jandarma kike so ki tahi. In sun tambayi mai gonar da aka yi ma ɓarna sai in ba su sunanki.

Yaron bai ƙi tahowa don raini ba. Ya ce ba zai bar keken ubanshi ba. Yana bin mu gona, ya koyi askin icce, hannunshi ya yi kanta. Yana da kirki. Ya iya gaisuwa, wannan ke ce.

Yayanki,
Hayatu


Gidan Runji, 7 ga Satumba

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida iyali da Gwaggo Kadi. Na gasa ƙafar, ta yi sauƙi.

Takardarka shekaranjiya ta iso, an ce ruwa ya cinye hanyar Agiye kwana biyar. Na karanta ta sau uku. Na yaga ƙarar.

Na yanke hukunci ban ji ɓangare biyu ba, abin da nake hana 'ya'yana. Na kuma zarge ka a gaban komitinka da abin da ba ka yi ba. Tunda a gabansu aka karanta, a gabansu zan janye.

Akwai abin da ba ka sani ba. Gatarin bai taɓa shiga buro ba. Malam mijina ya zo da shi gida a ranar, ya rasa yadda zai rubuta sunanka cikin littafin masu laifi, ya sa shi bayan akwatina. Sau uku ya ɗaure shi a bayan keke zai mayar maka. Sau uku ina kwancewa. Na ce masa in ya mayar, mutane za su ce dokar ta talakawa ce ban da surukai, kuma maganar da na faɗa maka za ta zama banza. Maganata nake karewa, ba doka ba. Ya rasu yana cewa a kai wa Hayatu abinsa. Shekara bakwai ina share ƙura a kansa.

Gara ta cinye ƙotar, ƙarfen ne ya rage. Haka zan kawo shi.

Zan sauka Agiye ranar kasuwa mai zuwa, kafin azahar. Ka aiko amalanke, ƙafata ba za ta kai ba. A shigo da ni ta ƙofar gari. Na sa a gaya maka malamin lakol ya karanta maka wannan takarda, ba yaron ba. Kada ka faɗa wa yaron komai game da hukunci, bai kamata ya kwana da sanyin rai ba tukuna.

Kuma a bar kuɓewar.

Ƙanwarka,
Indo


Garin Jika, 16 ga Oktoba

Zuwa ga autana Muhsin,

Assalamu alaikum. Ina fatan ka isa Damagaram lafiya, karatu kuma ya kankama. Mu nan lafiya. An gama yankan gero, ana ɗaurin dammuna, wake ne ya rage. Kawunka yana gaishe ka, ya ce a tambaye ka ko kantar hannun ta baje. Ni zan zauna sai an rufe rumbu. Gwaggo Kadi ta hana ni sakat, kullum sai ta zo godiyar hatsin shekara goma sha ɗaya, ni kuma ina sunkuyar da kai.

Na ga fuskarka ranar komiti da na ce ban yafe ba. Ka ɗauka zan janye maganata a kan kawunka sannan in ce a ba ka kekenka ka tafi. Ka sari shekara biyar na aikin mutum cikin minti biyar, kuma ka rubuta wa uwarka 'yan sanduna. Abin da na yanke yana nan: kowane hutu za ka hau keken nan ka zo ka yi wa kututturen uku aski da hannunka, har su kai inda ka same su. An ba ka keken ne don ka iya zuwa. Kada ka aiko mini da uzurin jarrabawa, na san ranakun hutu.

Jiya na je gonar. Kalgon biyu sun yi toho, ɗaya har guda shida. Aduwar ta fito da biyu, ƙanana, da ƙaya kamar allura. Na yaga gefen tsohon jan zanena na ɗaura musu. Kada ka kwance.

Bayan tafiyarka ne na ba kawunka gatarinsa, ban so a yi a gaban kowa ba. Ya juya ƙarfen a hannu ya daɗe, ya ce, "Indo, ko man gyaɗa ba ki shafa mashi ba?" Shi ke nan abin da ya faɗa. Washegari na ji sassaƙa a bayan zaure. Ashe ya ajiye aduwar da ka sara. Ya fitar da ƙota daga gindinta, ya ƙona rami ya sa ƙarfen. Ya ce shi gatarin zai jira ka, da shi za ka yi askin farko a watan Disamba, in su Chindo suna son ganin ƙasa su biyo ka, akwai fartanya.

Salla a kan lokaci. Ka rage shayi. Ka gyara birkin baya, na ji yana kuka ranar da ka tafi.

Takardata ta uku ga Agusta tana wurinka, na san ba ka yar ba. Ka ɗauko ta ka sa alƙalami ka soke maganar ƙarshe, ta bin bayan gonaki. Ka rubuta ranar yau a gefe. Sauran duk suna nan yadda na rubuta su.

Mahaifiyarka,
A'ishatu